Zoɓon da Baba Ya Raina Shekara Arba'in

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mahaifinmu ya rasu ranar Talata da hantsi a ɗakinsa da ke Garu, nan Dutse, aka kai shi makwancinsa kafin la'asar. Ni babban ɗansa ban samu jana'iza ba. Sai ranar sadakar uku na iso, ƙafafuna a kumbure, na tarar an shimfiɗa tabarmi tun daga zaure har gindin dabinon ƙofar gida.

Aka matsa mini na zauna inda babba yake zama. Mutane suna zuwa su durƙusa, su ce Allah ya ji ƙan Malam ya ba da haƙuri, in amsa. Daga nan sai su juya wajen autanmu, kuma a can ne gaisuwar take yin tsawo. "Kai ka yi jinya, Allah ya ba ka lada." "An ce a hannunka ya cika." Na ji wannan magana har na daina ɗaga kai. Wani tsoho makaho da ya shekara da shekaru yana zuwa zauren Baba duk Juma'a ya laluba ya kama hannuna, ya ce duk duniya ba wanda ya taɓa ba shi finjalin farko na shayi sai Malam, ko da kuwa manzon hakimi yana zaune. Gaskiya ya faɗa. Bai dai san hannun da yake riƙe da shi ne ya dafa kowane finjali da ya sha ba, ni ma ban gaya masa ba. Kawunmu na Jahun, yayan mahaifiyarmu, kuka ya ci ƙarfinsa. Da ya samu bakin magana sai ya ce, "Mutumin nan ya zagi zoɓona a gaban jama'a, ya taka har gida ya ba ni haƙuri, a wurin ba da haƙurin kuma ya sake zaginsa." Aka yi dariya ana share hawaye.

Malantarsa ɗalibansa za su faɗa, sun fi ni iyawa. Ni abin da na fi kowa sani shi ne yadda yake shan abu, shi zan rubuta kada ya bi shi kabari. Ba kuma zan ɓoye nawa halin ba, don labarin ba zai tashi ba sai da shi.

Allah ya ba Baba ɗanɗano irin wanda ban ƙara gani wurin kowa ba. In aka miƙa masa ruwa a moɗa sai ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya lumshe ido, sannan ya ce wannan na rijiyar masallaci ne, ko ya ce tun jiya aka ɗebo shi kuma tulun sabo ne. Matan gida sun sha gwada shi. Su haɗa ruwan rijiya biyu su aika masa, ya dawo da moɗar ya ce a gaya musu su daina aurar da ruwa ba da saninsa ba.

Shayi a Kano ya koya yana saurayi, tun kafin Nasara su zo, lokacin da ya je karatu ya sauka kusa da Larabawan da ke zuwa da ayarin raƙuma daga Turabus. Ya dawo Dutse da littattafai a gafaka, da finjalai huɗu, da wata buta ta jan ƙarfe wadda aka shafe cikinta da kuza. A wancan lokaci mutanen garinmu da yawa magani suka ɗauki shayi. Duk shekara yakan aika a kawo masa koren ganye da curin sukari irin wanda sai an fasa da ƙarfe. In ya sallami ɗalibai bayan la'asar sai a hura gawayi, a dafa sau uku, a sha ana hira.

Ni ɗan fari ne, Baba kuwa mutum ne da ya riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla. Bai taɓa kiran sunana ba. Ana yaye ni aka kai ni gidan Gwaggo, ƙanwarsa, a can na girma. In zai yi magana a kaina sai ya ce "wancan", in kuma da ni yake sai ya kalli bango ya faɗi abin da zai faɗa. Ban ga laifinsa ba, shi ma haka aka yi masa. Amma ranar da na dawo gida da iyalina, bayan la'asar, ya turo mini butar nan da bayan hannu. Na dafa, ya kurɓa ya zubar. Kashegari ma haka. Sai a rana ta tara ya shanye, ya miƙo finjalin a ƙara. Daga ranar, kullum la'asar ina zaune dab da gwiwarsa, ina jin ƙamshin rigarsa, ina ɗaga buta sama kumfa tana hawa. Bai taɓa cewa madalla ba. Miƙo finjali na uku shi ne madallarsa, kuma ya ishe ni. Duk abin da ke tsakanina da mahaifina bai wuce wannan zama ba.

Autanmu shi ake kira da suna, shi ake zolaya, shi ake ba ragowar abinci. Karatu bai zauna masa ba. Ya kai izu goma ya tsaya, ya ɗauki fartanya, Baba ya sa masa suna malamin gyaɗa. A lokacin ban taɓa jin komai a raina game da shi ba. Na bar masa sunan da wasan, tunda bai san ko gefen da ake riƙe buta ba.

Zoɓo kuwa Baba bai sa shi cikin abin sha ba. Yakuwa ce dai da ake yarfawa a iyakar gona, a yi miya da ganyenta, a busar da jan ƙoƙonta a tafasa a sha. Yakan ce miya ce ta ɓata hanya. In ransa ya ɓaci ya ce ruwan rini. Wata shekara Kawu ya yi taron suna a Jahun, ya sa aka tafasa zoɓo tukunya guda, aka zuba citta da kanumfari da mazarƙwaila, ya ɗebo da hannunsa a sabon ƙoƙo ya kawo wa Baba a gaban mutane. Baba ya kai baki, ya ajiye, ya waiwaya hagu da dama ya ce, "To ina tuwon?" Wuri ya kaure da dariya, ban da Kawu. Damina biyu bai tako gidanmu ba, mahaifiyarmu, Allah ya ji ƙanta, ta sha kuka a kan wannan magana. Ni ma ina cikin masu dariyar, har na fi kowa.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano, ayarin Larabawa ya yi ta ja da baya har ya ɗauke. Shayi bai ɓace ba, yawaita ma ya yi a kantunan Turawa, sai dai baƙi ne, a gwangwani. Na dafa masa, ya riƙe a baki ya ce wa bango, "Wannan warin akwati yake yi." Ya ci gaba da sha don babu wani, amma finjali uku ya koma ɗaya.

Shekara uku kafin rasuwarsa azumi ya zo da bazara, zazzaɓi kuma ya taɓa shi, bakinsa ya yi ɗaci. Ran nan da aka sha ruwa ya ture kunu, ya ture shayina. Sai ga auta ya shigo da ɗan tulu naɗe da jiƙaƙƙen tsumma. Na leƙa na ga ja, na ce masa a hankali, "Kai, fitar da ruwan rinin nan kafin ya gani." Baba ya ji. Ƙishirwa ta riga ta gallabe shi, ya ce a kawo.

Ya kurɓa, ya riƙe, ya lumshe ido. Na san wannan lumshewar, kusan shekara ashirin ita nake nema kullum.

"Wannan bai ga wuta ba," in ji shi.

"Bai gani ba, Baba. Jiƙa shi na yi da ruwan sanyi tun hantsi."

"Kuma ba na fadama ba ne."

"Na bayan dutse ne. 'Yar jar ƙasar nan da ke tsakanin duwatsu, wadda ka ce ko akuya ba za ta so ta ba. A inuwa na shanya shi, rana tana cinye masa ƙamshi."

"Zaƙin fa?"

"Dabinon ƙofar gida ne na dama a ciki."

Baba ya shanye, ya miƙa ƙoƙon a ƙara. Sannan ya dubi auta ido cikin ido, ya kira sunansa, ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Ashe shekara arba'in ina zagin abin da ban taɓa sha ba. Gawarsa ake ta kawo mini."

Baba ba ya yin abu rabi. Da ya warke sai ya shiga aikawa ƙauye-ƙauye a kawo masa zoɓo, a jera ƙoƙuna a gabansa yana bi ɗaya bayan ɗaya. Na Miga, in ji shi, ruwa ya yi masa yawa, launi ne kawai. Na Taura yana da tsami mai cizo a gefen harshe, ya dace da mai zazzaɓi. Na Jahun ɗan asali ne, in da Jahunawa za su bar shi ya huta. Namu na bayan dutse kuwa ya ce yana da ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko, kuma wanda ya shekara a rumbu ya fi sabo nutsuwa. Ya hau jaki da tsufansa ya tafi Jahun, ya ce wa Kawu, "Na zalunci yakuwa, na zalunce ka, ka yafe mini. Amma wallahi har yanzu kashe shi kake yi da wuta da citta."

La'asar ta canza. Tulun auta ya zauna inda kaskon gawayina yake zama, aka matsar da ni gefe. Ina dai hura wutata ina dafawa, ya karɓi finjali ɗaya ya jiƙa leɓe ya ajiye. Auta na dab da gwiwarsa, suna ta zancen ƙasa da raɓa da ranar da ya kamata a tsinke, suna dariya, Baba yana dafa kafaɗarsa. Ni da izu sittin a kaina ina zaune ina kallon gawayi yana zama toka.

Kishi ne, ba zan sa masa wani suna ba. Na fara cewa a gaban mutane wai zoɓo yana tsinka jini, bai dace da tsoho ba. Na fara lura da ranakun da auta ya rasa jam'i saboda gona, ina ambatawa yadda Baba zai ji. In auta ya gaishe ni in amsa da hanci. Wata rana da azahar, gida ba kowa, na je inuwar rumbu inda yake binne gindin tulun a cikin jiƙaƙƙen yashi, na ɗiba na sha. Fatana in ji tsami in tofar. Wallahi daɗi gare shi, sanyi da ɗan tsami da zaƙi mai zuwa daga baya, ya daɗe a baki bai tafi ba. Da ba shi da daɗi da na samu sauƙi, sai in ce tsufa ne ya kama Baba.

Sai na ce a raina, in dai zoɓo yake so, ai ni ne mai hannu a gidan nan. Me manomi ya sani game da abin sha? Na ji lokacin da Baba ya ce wuta ke kashe shi, amma na ɗauka wutar itace yake nufi, da tukunyar da aka gama miya a ciki. Tawa wutar ta gawayi ce, mai hankali. Na ɗebi tafi guda daga rumbun auta ba da saninsa ba, na zaɓi ranar Juma'a da zaure yake cika, Kawu ma ya zo, na yi wa zoɓon nan babbar karramawar da na sani a duniya. Na zuba shi a butar Baba. Na bar shi ya daɗe yana tafasa don ya fito sosai, na fasa ragowar tsohon sukarin da nake ɓoyo, na ɗaga buta sama har kumfa ta hau, na miƙa masa a finjali da hannu biyu.

Launin ma ya isa ya gaya mini, don ya yi duhu kamar ruwan kwata. Baba ya kurɓa, bai ko riƙe ba, ya juya ya tofar a ƙasa. Ya miƙo hannu na ba shi butar, ya zubar da sauran, ya karkata ta wajen haske. Shafen kuzan dama ya tsufa ya yi siriri, tsamin zoɓo ya ƙarasa cinye shi, jan ƙarfe ya fito dabbare-dabbare. Duk abin da aka dafa a ciki daga ranar ɗanɗanon ƙarfe zai yi. Butar nan ta girme ni. Ya daɗe yana kallon cikinta, makaho yana ta tambaya me ya faru. Baba bai yi faɗa ba. Ya ce wa bango, "A rataye ta."

Da muka fito auta ya biyo ni ya ce, "Yaya, kada ka damu, an ce akwai maƙeran farfaru a Kano da suke sake shafe irinta." Na ce masa ya kama bakinsa, ba shi ya ajiye ni ba.

Aka daina shayi a gidanmu. Ba ni da sauran dalilin zama kusa da Baba, kuma ɗan fari ba ya zuwa ya zauna wa uba a gwiwa haka kawai. In la'asar ta yi sai in zauna can cikin ɗalibai kamar baƙo, in ana tashi in tashi. Haka aka ci wata da watanni. Bayan kaka jikinsa ya fara sanyi, ya daina fitowa zaure. A kwanakin ne wani falke ya gaya mini akwai wani tsohon Balarabe da ya rage a Kano, har yanzu yana da koren ganye na tsohuwar hanya a akwatin da aka ɗinke da fata. Na sauko da butar daga inda take rataye, na ɗaura wa jaki kaya.

Gwaggo ta tare ni a soro.

"Ɗan nan, ina za ka? Ka dubi yadda ƙafafunsa suka kumbura kuwa? Yayana ba zai daɗe ba."

"Kwana bakwai ne, Gwaggo. In gyaro butar, in kawo masa irin ganyen da yake so."

"Ba ya bukatar shayi yanzu. Ka je bakin ƙofarsa ka zauna kawai."

"In zauna da me a hannuna? Wanda yake so ai yana ciki."

Ta dube ni, ta ce, "Ni na raine ka, na san wannan fuskar. Ba don shi za ka yi tafiyar nan ba."

Na je sallama. Baba yana kwance, auta yana yi masa fifita. Daga bakin ƙofa na ce za ni Kano in dawo. Ya kalli rufin ɗaki ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." Maganarsa ta ƙarshe gare ni ke nan.

A Kano na samu Balaraben, na samu ganyen, ƙamshinsa kaɗai ya sa ni hawaye. Maƙeri ne ya riƙe ni kwana uku, kullum gobe. Duk tsawon hanyar dawowa abu ɗaya nake gani a raina: Baba ya lumshe ido, ya miƙo finjali na uku, auta yana gefe yana kallo. Ban yi tunanin ciwonsa ba kamar yadda na yi tunanin fuskar auta. A kasuwar Gaya wani mutumin unguwarmu ya hango ni, ya zo ya durƙusa yana yi mini gaisuwar mutuwa, a zatonsa na riga na sani.

Bayan sadakar bakwai, da mutane suka watse, na bi auta bayan dutse da safe. Na same shi a 'yar jar ƙasar nan yana tuge busassun karan yakuwa. Tambaya ɗaya ce ta kai ni, kuma ban iya yin ta a gida ba.

"Ya yi magana kafin ya cika?"

"Tun ranar Lahadi harshensa ya yi nauyi, Yaya. Sai kalmar shahada, ita ma da ƙyar."

"Kafin Lahadin fa? Bai tambayi ko na dawo ba?"

Auta bai iya ƙarya ba tun yana yaro. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Bai tambaya ba."

Ya kamata in tsaya a nan, amma ban tsaya ba.

"Kai fa, ya kira ka?"

"Ko ni bai kira ba. Kwana biyu ina ɗiga masa zoɓo a baki da auduga, ina cewa Baba ni ne, ni ne. Ban san ko ya gane ni ba, Yaya. Kallon da yake yi mini, irin wanda ake yi wa baƙo ne." Ya saki karan da ke hannunsa, ya tsuguna, ya fashe da kuka.

Ƙanena yana kuka a gabana, mahaifina kwana takwas a ƙasa, ni kuwa sai na ji wani sanyi ya sauko mini a ƙirji. Daɗi na ji. Na dafa kansa ina cewa ya yi haƙuri, yana riƙe da ƙafata yana gode mini, ni kuma daɗi nake ji.

Allah ya ji ƙan Baba, ya yalwata masa kabarinsa, ya shayar da shi abin da harshensa ba zai samu abin kushewa a ciki ba. Mutum ne da ya iya cewa na yi kuskure yana da furfura, har ya hau jaki ya je ya faɗa. Duk wanda wannan takarda ta shiga hannunsa ya yi masa addu'a. In ya gama, ya taimaka ya roƙa mini Allah ya cire mini daɗin nan da na ji, don har yau da nake wannan rubutu bai gama fita ba.